Suna Ɗaya, Gida Ba Ɗaya Ba



A yau akwai Sarkin Katsina aƙalla biyu a ƙasar Hausa, kuma babu na jabu a cikinsu. Ɗaya yana Gidan Korau cikin birnin Katsina, ɗayan yana Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A zamanin jihadi, wajen 1807, Malam Umarun Dallaje ya karɓe birnin, sarakunan da ya tarar suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Garin aka raba su da shi, sunan sarautar kuwa da shi suka tafi. A 1906 Turawan Ingila suka tuɓe Yero na gidan Dallazawa, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. Gida uku ke nan suka ɗaura rawani ɗaya, kuma ba kaka ɗaya ya haife su ba.

Haka abin yake a Zazzau. Makau ya fita daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja, kuma har gobe sarkinsa Sarkin Zazzau ne. Gobir ta fi kowa rarrabuwa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808: ga Sarkin Gobir na Tsibiri, ga na Sabon Birni, ga kuma na Isa da na Gwadabawa waɗanda jinin Shehu Usmanu ne. Sarkin Kabi akwai shi a Argungu, a Yabo, a Jega. Mu ma nan Bibemi muna da Mayo Kebbi kusa da mu, amma wanda ya ce ruwan Argungu muke sha ya so dariya ne.

Magabata ba su ruɗe ba, domin sun jingina kowace sarauta ga garinta, suka bar wa maroƙa da masu kirari riƙon jerin kakanni.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne Turawan Birtaniya sun gamu da irin wannan matsala, suka yi mata magani da alƙalami. Suna da wata sarautar gado da suke kira baronet. Mai ita ana ce masa “Sa”, kamar yadda aka ce wa Sa Ahmadu Bello a 1959 da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960, sai dai tasu lambar girma ce da ke ƙarewa da mai ita, ta baronet kuwa ɗa ke gada. Sarki Jemis na Ɗaya ya ƙirƙiro ta a 1611, kuma ba don jaruntakar kowa ba, kuɗi yake nema. Mai so sai ya biya fam 1,095, kuɗin riƙon soja 30 na shekara uku a arewacin Ailan. Duk wanda ke zaton gaisuwar neman sarauta a fadodinmu aka fara ta, sai ya sake lissafi. Daga 1965 aka kusan rufe ƙofar, mutum ɗaya kaɗai aka ba, wato mijin Firaminista Magaret Taca, a 1990.

Da yake sunan gida suke amfani da shi, sai a sami baronet da yawa masu suna ɗaya, wasu dangi, wasu ba su ko san juna ba. Dabararsu irin tamu ce: a liƙa wa kowace sarauta sunan wurinta da shekarar da aka ba da ita. A ɗauki gidan Pringle na Sikotlan. An ba su sarautar Stichill a 1683. Wani ɗan gidan, likita Sa John Pringle, ya sami tasa daban a 1766, da ya mutu a 1782 ba ɗa sai ta mutu tare da shi. 'Yan'uwansa suna nan da ransu, suna ɗaya, jini ɗaya, amma ba wanda ya ɗauka, domin takardar naɗin zuriyarsa ta ambata. Da masu da'awar ƙarya suka yi yawa, a 1910 Sarki Edward na Bakwai ya yi umurni a buɗe littafin rajista. Wanda bai kawo hujjar nasabarsa an shigar da shi ba, hukuma ba ta kiransa da sarautar, ko da duk gari na kiransa.

Akwai inda muka rabu da su. A 2016 manyan alƙalan Sarauniya sun karɓi gwajin ƙwayoyin halitta a kan sarautar Stichill ɗin nan, suka yanke cewa wani kaka da aka haifa a 1903 ba ɗan mai gidan ba ne, suka mayar da ita wani reshe. Mu a karatunmu na fiƙihu, ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne, kuma ba a tone asirin matar da ta daɗe a kabari saboda rawani. Littafinsu muke sha'awa, ba wannan ba. Littafin ma ba baƙo ba ne gare mu. Malaman hadisi sun keɓe fanni guda ga masu ruwaya da sunansu ya zo ɗaya alhali mutanen daban ne, Haɗib al-Bagdadi ya yi littafi a kansa, kuma ɗalibin da bai raba Sufyanus Sauri da Sufyanu ɗan Uyaina ba, bai fara ba tukuna.

To mu Hausawan arewacin Kamaru fa? Kakanninmu sun shigo ƙasar Adamawa fatake da malamai da mahauta da maɗinka, suka zauna ƙarƙashin lamiɓe. Inda suka yi yawa sai lamiɗo ya naɗa musu Sarkin Hausawa. Akwai shi a Garwa, a Ngaundere, a Marwa, har Yawunde. Suna ɗaya ne, amma kowace da mafarinta, da gidan da ya fara riƙe ta, da fadar da ta ɗaura rawanin. Jikan Sarkin Hausawan wani gari baƙo ne mai daraja a wurinmu, sai dai ba magaji ba ne.

Abin da ya dagula mana lissafi shi ne takardar haihuwa. Bahaushe ba ya da sunan gida. Da sunan uba ake kiransa, ko sana'a, ko garin da ya fito. Takardar Faransanci kuwa gurbi ta bari sai an cike, magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Shi ya sa muke da gidaje biyu masu amsa Kano a takarda alhali ayari kaɗai ya haɗa kakanninsu, muke kuma da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya da takardunsu ba su yi kama ba. Mu da aikinmu shi ne riƙe wa dattijo alƙalami, irin waɗannan takardu muke gani a zaure duk lokacin da maganar gado ko fili ko rawani ta taso. Saurayi ya zo da tasa mai hatimi, tsoho ya zo da abin da ke kansa, kuma wanda ba ya jin Hausa hatimi zai duba.

Doka ma tana buƙatar amsa. Dokar sarautun gargajiya ta 15 ga Yuli 1977, zamanin Ahmadu Ahijo, ta raba su daraja uku. Ta farko Firaminista ke tabbatarwa, ta biyu ministan mulkin cikin gida, ta uku perfe. Ta ce a zaɓo daga gidajen da al'ada ta ba su sarautar, bayan an shawarci dattawa. Amma ba ta lissafa gidajen ba, ta bar mana. Ko rawanin da bai shiga waɗannan darajoji ba, in rigima ta kai gaban hukuma, tambayar ɗaya ce: wane gida? Fadar lamiɗo tana da masu riƙe mata nata jerin. Mu tsiraru ne, ba mu da maroƙan fada, kuma yawancin yaranmu Fulatanci da Faransanci sun fi zama a bakinsu.

Don haka muka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, muka fara bin tsofaffi gida-gida bayan la'asar. Kowane mai rawani muna rubuta sunansa da na ubansa da na kakansa, garin da gidan ya taso, lamiɗon da ya naɗa shi, da sunan da ke cikin takardar hukuma ko da kuskure ne. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, duka biyun muke rubutawa da sunan mai faɗa, ba mu zaɓa. Tsofaffin mata sun fi maza riƙe nasaba nesa ba kusa ba, domin su suka san wa ya auri wa, da wanda aka yi riƙonsa ba haifarsa aka yi ba. Shafin dama da ajami muke cika shi, na hagu da boko. Wanda ke da tsohuwar wasiƙa ko takardar naɗi a cikin adaka, ya kawo mu kwafa a gabansa, ya koma da abarsa.