Muryar Aro

Na san wasu daga cikin 'yan'uwa marubuta za su yi mamakin ganin zancen jita a wannan mujalla tamu, musamman daga bakin malamin makaranta wanda alli ya cinye wa yatsu. To amma duk wanda ya taɓa ajiye biro ya koma tafireta, ko ya ajiye tafireta ya koma kwamfuta, ai ba baƙon wannan zance ba ne.

Ni dai a Sakkwato na koyi kaɗa jita, a hannun wasu samarin Abzinawa da ke shigowa daga Tawa da Agadas ta Birnin Ƙonni. Hanyar a buɗe take tun fil azal, domin ko Mdou Moctar, wanda ake tururuwar kallonsa a Amurka da Turai, a nan Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Shekara goma sha biyar na yi ina zuwa gidajen biki da amfilifaya guda ɗaya, tsohuwa, 'yar gwanjo, da fedoji uku, wato 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa don a sauya sautin jita.

Amfilifayar tawa irin mai bawul ce. Bawul ɗin nan ƙwai ne na gilashi, kamar ƙwan lantarki, irin na cikin tsofaffin akwatunan rediyo na kakanninmu. In ka kunna ta sai ka dakata ta ɗau zafi, ƙwayayen su yi ja kamar garwashi, sannan ta yi magana. Tun a 1947 aka ƙirƙiro tiransisto wanda ya kori bawul daga rediyo da talabijin, amma makaɗa jita suka ƙi sakinsa, kuma suna da hujja. Idan ka taɓa tsirkiya a hankali, sautin ya fito garau. Idan ka matsa mata, bawul ba ya yanke sautin kwatsam, sai ya lanƙwasa shi, ya ba shi wata 'yar dishewa mai daɗi, kamar muryar maroƙin da ya kwana yana waƙa. Wato ƙarfin yatsanka shi ne linzami.

To me ya raba mu? Ba ƙiyayya ba ce, aljihu ne da ƙashin baya. Abin yana da nauyi, saboda manyan tiransifomomin da ke cikinsa. Shahararriyar nan Twin Reverb ta kamfanin Fender kusan kilo 30 take. Ɗan kabu-kabu in ya hango ni da tawa sai ya kau da kai. Ga wutar janareta a gidan biki, mai hawa da sauka, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu. Sannan bawul yana tsufa, dole a sauya shi, kuma masana'antun da suka rage suna yin sa a duniya 'yan ƙalilan ne, kamar ta Saratob a Rasha da ta kamfanin JJ a Sulobakiya. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, sai bawul ya yi wuya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Na zauna na auna kuɗin ƙwayaye huɗu da albashin malamin sakandare mai iyali, na ga lissafin ba ya fita.

Abin da na saya a madadinta ɗan akwati ne da ke shiga jakar da nake zuba takardun jarrabawar ɗalibai. Kwamfuta ce ƙarama. Injiniyoyi sun auna yadda tsofaffin amfilifayoyi ke sarrafa sauti, suka mayar da shi lissafi, ita kuma tana kwaikwayo. Ba yau aka fara ba: kamfanin Line 6 ya fito da POD, ja mai siffar ƙwayar wake, tun 1998, Kemper na Jamus ya zo a 2011 da na'urar da ke sauraren amfilifayarka ta kwafe halinta, Helix ta biyo baya a 2015. Na farkon dai ana ji ana gane kwaikwayo ne. Na yanzu kuwa, gaskiya ɗaya ce, mun yi biki ya fi ashirin babu wanda ya ce da ni sautin ya canza. Har mai ganga, da muka shekara goma tare.

Ni ne na ji, kuma ba a kunne ba. A da lasifikar tana bayana, iskarta tana bugun ƙafar wandona, sautin ya koma cikin katakon jitar ya sa tsirkiya ta ci gaba da kuka bayan na ɗaga yatsa. Ina juya jikina kaɗan kukan ya sauya. Yanzu abin da ke fitowa daga manyan lasifikun gaban jama'a sautin amfilifaya ne kamar yadda makirfo ya ji ta a wani ɗakin ɗaukar sauti can wata ƙasa. Tsaf yake, babu gurnani, babu tari. Kamar ka saba da hira da amininka a kan tabarma ɗaya, sai aka koma yi ta waya.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna, shi ne yawa. Tsohuwar murya ɗaya gare ta, dole ka zauna da ita, ka san inda take gardama, har mutane su ji kiɗa daga bayan katanga su ce wane ne. Sabuwar tana ɗauke da amfilifayoyi fiye da hamsin. Wani yaro da ke bin mu, mai hannu ƙwarai, yakan sauko da sautin da wasu suka riga suka haɗa daga intanet. Yau shi ne Bombino, gobe Jimi Hendrix. Na tambaye shi wanne ne nasa, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai duka nawa ne." Ban ce masa kayan aro ba ya rufe katara ba, domin wannan aron ya rufe, har da saura. Mun ga irin haka a Kano a shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga waƙoƙin fim: mutum ɗaya ya zama ganga da sarewa da goge, aiki ya yi sauƙi, waƙa ta yawaita, amma sai ka ji goma ka rasa bambance hannun da ya kaɗa su. Kuma 'yan'uwa masu gyaran rubutun sababbin marubuta sun san wannan ciwo.

Duk da haka ban koma ba, ba kuma zan koma ba. Da dare nakan sa abin ji a kunne in yi ta gwaji bayan na gama duba littattafan ɗalibai, uwargida da yara suna barci, abin da tsohuwar ba ta taɓa yarda da shi ba, don ita sai an ƙure ta take daɗi. Cikin hamsin ɗin nan biyu na zaɓa na tsaya a kansu, ɗaya garau, ɗaya mai dishewa. Tsohuwar tana ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Mai gyara ya ce in riƙa kunna ta lokaci-lokaci don kada kayan cikinta su mutu da zama. Yaron nan ya taya ta sau biyu, ya ce so yake ya ji abin da ake kwaikwayo.