Kasuwar Guanghua, Inda Ake Yi Wa Kwamfuta Kwalliya

A tsakiyar Taipei, babban birnin Taiwan, akwai wani bene mai hawa shida da ake kira Guanghua Digital Plaza. Asalinsa kasuwa ce da aka kafa a shekarar 1973 a ƙarƙashin wata gada, inda ake sayar da tsofaffin littattafai, kafin kayan lantarki su mamaye ta. An rushe gadar a 2006, aka buɗe sabon ginin a 2008. Na shiga kasuwar da niyyar ganin sababbin na'urori, sai fenti ya tsare mini ido.

Duk wanda ya yi aiki a ofis a shekarun 1980 da 1990 zai tuna kalar kwamfutar wancan zamani: fara mai surkin ruwan ƙasa, irin wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1981. Haka aka yi ta tafiya har 1998, lokacin da Apple ya fitar da iMac shuɗiya, masana'antu suka farga cewa ido ma yana da nasa haƙƙi. Amma matasan da na tarar a Guanghua ba sa jiran masana'anta. A shagunan masu harhaɗa kwamfuta na ga akwatin da aka yi wa ja wur kamar motar tsere, na ga wani da aka zana wa duwatsu da gajimare irin na zanen Sinawa na dauri.

Wani saurayi mai wannan sana'a ya bayyana mini yadda ake yi. Da farko sai a kwance komai, a bar akwatin ƙarfe zalla. A goge shi da samfefa, a fesa fentin shimfiɗa, sannan a bi da kalar da ake so, shafi bayan shafi, kowane a bar shi ya bushe, a rufe da ruwan ƙyalli. Ba a yin feshin a cikin kasuwa, sai a wuri mai iska, hanci da baki a rufe. Akwai kuma wuraren da fenti ba ya kusanta: ramukan sa waya, da ƙarafan da ke zuƙe zafi, da kafofin shigar iska. Wanda ya toshe su, ya sayi kyau da ran na'urarsa.

A nan ne na ga zurfin lamarin. Ba mai iya fenta kwamfuta sai ya buɗe cikinta, ba kuwa mai mayar da ita yadda take sai ya san aikin kowane ƙarfe. Kwalliyar ta zama makaranta ke nan. Kamfanonin ƙasar ma sun gane haka. A bikin baje kolin Computex, wanda aka fara a Taipei tun 1981, kamfanoni irin su Cooler Master da Thermaltake kan jera irin waɗannan kwamfutoci a rumfunansu, suna kuma shirya wa masu sana'ar gasa. Ƙasar da ta haifi Acer da ASUS ba ta ɗaukar wannan aiki a matsayin wasan yara.

Mu ma ba baƙin ado ba ne. Magina sun ƙawata soraye a Zariya da Kano da Damagaram, masu fenti sun mayar da jikin manyan motoci allon zane. A kasuwar Farm Centre ta Kano kuwa, kullum ana manna wa wayoyi sitika. Sai dai galibin adon da muke yi wa na'ura a fata ya tsaya, bai shiga ciki ba. Ɗalibai da yawa suna riƙon kwamfuta kamar ƙwai, ko noti ɗaya ba su taɓa kwancewa ba.

Ga tsofaffin kwamfutoci jibge a ɗakunan ajiyar makarantunmu, ƙura tana cin su. Da za a miƙa wa ɗalibai su, tare da sukudireba da gwangwanin fenti da malami mai sa ido, da wasu sun fito da kyakkyawan akwati, wasu kuma sun fito da sana'a.