Ajin bayan La'asar a Kasuwar Sabon Gari

A farkon shekarun 1990, lokacin ina ɗalibi a Jami'ar Bayero, mukan hau motar haya daga tsohuwar jami'a mu sauka a Bata, mu kutsa Kasuwar Sabon Gari ɗauke da ɗan ƙaramin allo da alli a leda. Ba mu da yawa, kuma galibinmu ilimin manya muke karantawa. Ba wanda ya aike mu, ba maki a ciki. Wani malaminmu ne ya faɗa mana a aji cewa wanda bai taɓa zama gaban magidanci yana koya masa riƙe fensir ba, bai san abin da yake karantawa ba. Maganar ta shige mu.

Kano kuwa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Tun 1980 gwamnatin Muhammad Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya, irinta ta farko a jihohin Nijeriya, kuma sunan Rimin ne kasuwar take ɗauke da shi a hukumance yau. Kafin nan ma an yi Yaƙi da Jahilci a Arewa a shekarun 1950. Sai dai ɗan dako da yaron shago ba su da lokacin zuwa ajin da aka buɗe a firamaren unguwa. Sai ajin ya bi su inda suke.

Wani dattijo mai sayar da kwanuka ne ya ba mu gindin rumfarsa, bayan ya yi mana tambayoyi kamar mun zo neman auren 'yarsa. "Ɗana, me za ku samu a ciki?" Na ce, "Baba Alhaji, lada da sanin aiki." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce 'yan boko sun sha zuwa da takardun tambayoyi, su cika su tafi, ba a sake ganinsu. Sharaɗinsa biyu: kada mu fara sai an idar da La'asar ciniki ya lafa, kuma kada mu sa babba ya yi karatu da ƙarfi a gaban yaronsa.

Sharaɗin na biyu ya koya mini abin da yake tare da ni har yau. Mutumin da yake juya dubban nairori a kansa, ya san wanda yake bi da wanda ke binsa, ya san kuɗin sari da na dako da ribar da za ta rage ba tare da ya taɓa biro ba, ba jahili ba ne. Abin da yake nema kaɗan ne, amma mutuncinsa a kansa ya rataya: ya rubuta sunansa a banki maimakon dangwala yatsa, ya karanta rasit, ya buɗe littafin bashi da kansa ba sai ya kira ɗan maƙwabci ya ga asirinsa ba. Saboda haka muka ajiye littattafan da muka zo da su. Rasit ya zama littafin karatu, sunayen kaya suka zama darasin baƙaƙe, zubin adashi ya zama lissafi. Da yawansu sun yi makarantar allo, suna rubuta ajami, don haka hannunsu bai yi wuyar faɗawa ba. A wurinsu na ga yadda ake ba da kaya bashi a kan amana, da yadda shugabannin layi ke raba gardama tun ba ta kai ga 'yan sanda ba.

An kafa Sabon Gari ne wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, don baƙin da suka zo daga kudu. Mun fara ajinmu rikicin Oktoban 1991 bai gama barin zukata ba, iyayen wasunmu ma ba su so zuwanmu can. Duk da haka a kan benci ɗaya na ga ɗan baro Bahaushe da yaron shago Ibo, wannan yana taya wancan haɗa baƙaƙen boko, wancan yana gyara masa Hausar ciniki.

Ajin bai daɗe ba. Jarrabawa ta zo, hutu ya biyo baya, wasu suka gama suka tafi bautar ƙasa, waɗanda suka biyo mu ba su san da zancen ba. Haka aikin sa kai yake idan a kan zuciyar mutum biyar ko shida ya dogara: ranar da suka watse, ya watse. Ɗaliban likitanci kuwa da ake turawa Kumbotso daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zuwansu yana cikin karatunsu, ana duba su, ana ba su maki, wani rukuni na tafiya wani na zuwa. Ban ga abin da zai hana a yi wa kasuwa irin wannan tsari ba, da sharaɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ce za ta faɗi buƙatarta, kuma a dawo a karanta mata abin da aka gano da harshen da take ji.

Da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar a watan Maris na 2016, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littattafan bashin da suka ƙone tare da kaya, da tarin wayoyin lantarkin da ɗalibin injiniya, da malaminsa a bayansa, zai iya dubawa ya yi gargaɗi. A farkon 2023 kuma, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, dole ciniki ya koma ta waya, kuma wanda bai iya karanta saƙon banki ba shi masu alat na bogi suka fi cuta. Darasin da wannan ɗan kasuwa yake buƙata bai fi na 'yan makonni ba, kuma ɗalibin da zai iya koyar da shi mota ɗaya ce tsakaninsa da Bata.