Ranar Gafara A Wagadugu

A kudancin Wagadugu akwai sabuwar unguwa da ake kira Waga 2000, inda fadar Kosyam take. Can ne aka ba waɗansu mutanen tsohon zangon Hausawa, wato Zangouettin, filaye bayan an rushe gidajensu a 2003. A wani babban zauren biki na wannan unguwa kotun soja ta zauna tun daga Oktoba 2021 domin shari'ar kisan Thomas Sankara da mutum 12 da aka harbe tare da shi a 1987. Ran 6 ga Afrilu 2022 ta yanke wa tsohon shugaban ƙasa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai, shi kuwa yana zaune a Abijan. Amma shekara 21 kafin wannan hukunci an riga an tara jama'a an ce an yi gafara. To, me kotu take nema kuma? Ko masu neman shari'a sun ƙi umarnin Ubangiji ne?

Ga mafarin zancen. Ran 13 ga Disamba 1998 aka tarar da wata mota ƙonanniya kusa da Sapouy, da gawar ɗan jarida Norbert Zongo da abokan tafiyarsa uku. (Zongo ɗin nan sunan zuriya ne na Mossi, ba zangon fatake ba.) Yana cikin binciken mutuwar David Ouédraogo, direban ƙanen shugaban ƙasa, aka kashe shi. Gari ya ɗau zafi ƙwarai. A 1999 Compaoré ya kafa majalisar dattawa, aka sa Bishop Anselme Sanon na Bobo-Dioulasso ya shugabance ta. Dattawan suka jera hanya: a fara faɗin gaskiya, a yi adalci, sa'an nan a sulhunta.

Gwamnati ta tsallake biyun farko ta kama na ƙarshe. Ran 30 ga Maris 2001, a filin wasa na 4 ga Agusta, gaban shugabannin addini da sarakuna, Compaoré ya roƙi gafara da sunan ƙasa saboda dukan laifofin da aka yi tun 1960. Bai ambaci wanda ya yi ba. Iyalin Sankara da na Zongo suka ƙi zuwa.

Kada a yi saurin zargin bayin Allah da suka halarci taron. Sun ga abin da ramuwa ta yi a Laberiya da Saliyo, ga kuma Kodebuwa maƙwabciyarsu ta fara rikicewa. Kuma Littafi yana bayansu. Bitrus ya so a tsaya a gafara bakwai, Yesu ya ƙi sa mata iyaka. A kan gicciye ma ya roƙa wa masu kisansa gafara tun ba wanda ya tuba a cikinsu. Wannan umarni yana da nauyi, ba kuwa a ɗauke wa gwauruwa shi don baƙin cikinta ya yi yawa ba. Mai bi da ke yin Addu'ar Ubangiji kowace safiya ya san da bakinsa yake ɗaura gafararsa a kan gafarar da yake yi wa waɗansu.

Duk da haka, yaron ajin baftisma ma zai iya tambaya: wa za a gafarta wa, kuma a kan me? Takardar shaidar mutuwar Sankara cewa ta yi mutuwar Allah da annabi ya yi. In ba wanda ya kashe shi, gafarar ta faɗa kan wa? Sa'ad da Dawuda ya sa aka kashe Uriya, annabi Natan bai kira taron sulhu ba. Ya shiga fada ya nuna sarki da yatsa, sai da sarki ya amsa laifinsa aka yi masa albishirin gafara. Zakka kuwa bai roƙi mutanen Yariko su manta ba, ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abu biyu aka cakuɗa. Ƙiyayyar da ke cikin zuciya, wannan ta wanda aka cuta ce, Ubangiji kuma ya ce ya sake ta. Amma gaskiyar abin da ya faru ba tasa ba ce shi kaɗai, balle ya yafe ta. Ta marayu ce, ta ɗan jaridan da zai tashi gobe ce, har ma ta mai laifin ce, gama wanda aka rufa masa asiri an tare masa ƙofar tuba. Mace tana iya durƙusawa ran Lahadi ta yi wa makashin mijinta addu'a da zuciya ɗaya, ran Litinin ta tafi kotu. Da wuya ne, amma ba munafunci ba ne. Ikkilisiya da ta hana ta tafiyar Litinin da sunan bangaskiya ta ara wa mai iko rigar da ba tasa ba.

Shari'ar Zongo an rufe ta a 2006 ba wanda aka hukunta. Iyalinsa suka kai ƙara Arusha, a 2014 kotun Afirka ta ce gwamnatin Burkina Faso ta kasa bin haƙƙinsu. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara jama'a suka kori Compaoré daga Kosyam.

A Yuli 2022, wata uku bayan hukuncinsa, sojojin da ke mulki a lokacin suka gayyato shi Wagadugu da sunan sulhu. Ya shiga Kosyam, ya fito, ya koma Abijan, ba wanda ya taɓa shi. Kafin watan ya ƙare ya aiko da wasiƙa yana roƙon gafarar jama'a, musamman iyalin Sankara. Wannan karon ya ambaci sunan mamacin. Kakakin gwamnati ne ya karanta wasiƙar.