Ranar da Muka Yi wa Tsofaffin Sin Dariya



A zangon karatun da ya wuce, wata Laraba cikin hunturu, malaminmu na motsa jiki ya tara mu 'yan aji biyu a gindin darbejiya, ya nuna mana wani bidiyo a wayarsa. Wasu tsofaffi ne 'yan ƙasar Sin, maza da mata, sun jeru a fili suna ɗaga hannu a hankali kamar masu tura iska, suna taka ƙasa kamar hawainiya. Ya ce sunan wannan abu taici. Wani daga baya ya ce, "Malam, me ta ci?" Muka fashe da dariya gaba ɗaya.

Malam bai yi fushi ba. Ya ce tunda abin dariya ne, kowa ya miƙe ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kai ta gaba a hankali, kada dunduniya ta taɓa ƙasa sai ya ƙirga goma. Mu da muke taƙama da langa muka ce ai wannan ba komai ba ne. Kafin a kai shida cinyoyinmu sun fara rawa. Da ya ce mu sake yi ido a rufe, sai ga mu muna ta riƙe kafaɗun juna. Ranar Malam ne ya yi dariyar ƙarshe.

Bayan mun zauna ya yi mana bayani. Ashe tsayuwa da ƙafa ɗaya aikin ƙwaƙwalwa ne. Saƙo uku take karɓa a lokaci guda. Ido yana gaya mata inda muke. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa da ke gaya mata ko kai ya karkata, su ne ke sa mu jiri idan mun yi ta juyi. Tafin ƙafa da gaɓoɓi kuma suna gaya mata inda nauyin jiki ya faɗa. Wani ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya shi ke haɗa saƙonnin, ya gyara mana tsayuwa tun kafin mu sani. A langa da sauri muke tsalle, saurin yana ɓoye kuskure. Idan aka ce a hankali, babu wurin ɓoyewa, dole ƙwaƙwalwa ta yi ta gyara. Haka take koyo, kamar yadda masu tallar fura da nono suka koyi tafiya da ƙwarya a ka ba tare da sun riƙe ta ba.

Malam ya ce taici ya samo asali ne daga dabarun kare kai. Ana danganta shi da wani ƙauye na dangin Chen a lardin Henan, tun ƙarni na 17. A 1956 aka tsara wani gajere mai motsi 24 domin kowa ya iya koya, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Wanda yake yi dole ya haddace jerin motsin, ya san wanda ke biye da wane, ya daidaita numfashinsa da su. Ke nan jiki yana aiki, kai ma yana aiki. Likitoci ma sun gwada shi. A 2012 an buga wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 195 masu cutar Fakinsan, wadda ke kawo karkarwa da taurin jiki. Waɗanda suka yi taici sau biyu a mako har mako 24 sun fi sauran iya tsayuwa daidai, kuma ba su faɗi da yawa kamar waɗanda suka yi miƙe jiki kawai ba.

Da muka ji maganar faɗuwa sai dariya ta ƙare mana, domin mun tuna da kakarmu. Da damina santsi ya kwashe ta a bakin rijiyar gidanmu, ta karye a hannu. An ɗaure, ya warke, amma tsoron bai warke ba. Matar da ba a suna ko biki a unguwa ba tare da ita ba ta koma zaman tabarma. Ko buta sai an miƙo mata. Kullum ƙafafunta ƙara mutuwa suke yi saboda rashin tafiya, ita kuma tsoronta yana ƙaruwa.

Da muka koma gida ni da ƙanena muka nuna mata bidiyon a wayar yayanmu. Ta ce, "Ku mazan nawa ba ku da aikin yi ne? Da tsufana zan yi rawa?" Muka ce, "Kaka, ba rawa ba ce, gasa ce. In kin fi mu daɗewa, goronki na kanmu." Jin goro ya sa ta miƙe. Muka tsayar da ita kusa da bango, hannu ɗaya a jikinsa. Ta mayar da nauyinta kan ƙafar dama, ta dawo da shi hagu, tana jan numfashi a hankali. Ranar farko ko minti uku ba ta yi ba ta ce ta gaji. Ba mu iya taici na gaskiya ba, abin da Malam ya koya mana kawai muke yi da ita bayan la'asar. Yanzu wata na uku ke nan. Har yanzu tana dafa bango, amma da kanta take zuwa zaure, kuma makon jiya ta je barka gidan maƙwabta. Goro kuwa mun saya har sau huɗu.

Mu ma mun samu namu rabon. Ranar gwajin lissafi, kafin a raba takarda, wasunmu suka ja numfashi a hankali sau biyar kamar yadda aka koya mana. Ba mu ce shi ya ba mu amsa ba, wanda bai yi karatu ba ya faɗi. Amma bugun zuciya ya ragu, hannu ya daina rawa, muka karanta tambaya har ƙarshe kafin mu fara rubutu.

Malam ya ja mana kunne kan abu biyu. Na farko, wannan ba zai maye gurbin ƙwallo da guje-guje ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar motsa jiki sosai na minti 60 a kullum. Na biyu, tsoho mai jiri ko hawan jini a fara kai shi asibiti, kuma kada a bar shi ya gwada shi kaɗai.

Muna roƙon malamanmu su ba mu minti biyar a taron safe, ko da sau biyu a mako, mu riƙa yi tare. Ku kuma 'yan'uwa, duk mai kaka ko kakan da ya fara tsoron tafiya, ya zo gindin darbejiya ranar Laraba lokacin tara, za mu nuna masa abin da muka iya.