Kafin ku tura kuɗin feshi gida

'Ya'yana mazauna Mitchellville da kewaye, da yawanku kun fara zuba jari a noman waken soya da auduga a gida, wasu a Funtua, wasu a Giwa da Saminaka. Allah ya sa albarka. Sai dai akwai abin da ke damuna. Da zarar an bugo waya an ce ƙwari sun shiga gona, sai ku tura kuɗin magani, ba mai tambayar wane ƙwaro ne, ta wane gefe ya shigo, kuma yaya yawansa. Ni da na tashi ina tsinkar auduga, ba zan yi shiru ba.

Ku ɗan bi hanyar Upper Marlboro da kaka, za ku ga gonakin waken soya a ƙasar da a da taba ce sarauniyarta. A 2010 wani ƙwaro mai wari, ruwan ƙasa, ɗan asalin gabashin Asiya, wanda aka fara ganowa a Allentown ta jihar Pennsylvania a ƙarshen shekarun 1990, ya addabi manoman wannan yanki. Baki yake sokawa cikin kwanson wake ya tsotse ƙwayar har ta yamutse. Idan gona ta nuna, ganye ya yi ruwan ɗorawa, sai ka ga layukan bakin gona, musamman na jikin itatuwa, sun tsaya kore shar sun ƙi bushewa. Masu bincike na Jami'ar Maryland suka bi layi-layi suna ƙirga, suka gano ƙwaron a gefe yake taruwa, bai cika kutsawa tsakiya ba. Sai aka shawarci manoma su fesa gefen kawai. Kuɗin magani ya ragu, ƙwarin da ke cinye masu ɓarna kuma suka tsira a tsakiyar gona. Duk wannan ido ne ya kawo shi.

Haka abin yake a gida. Idan ganyen waken soya ya fara rawaya yana zuba tun bai kai ba, a juya bayansa. In akwai ƙananan ƙuraje ja-ja da ke barin gari a yatsa, tsatsa ce, cuta ce, ko kwalba goma ta maganin ƙwari aka zazzage ba za ta ji ba. Tun wajen sayen iri ake tare ta. Cibiyar IITA ta fitar da iri masu jure mata, irin su TGx 1835-10E.

Auduga kuwa, yaƙinta bayan girbi yake farawa. Muna yara, ana gama tsinka sai a tumɓuke karan a tara a ƙone, malamin gona na zagayawa yana dubawa. Tsutsar auduga mai ruwan hoda a cikin ragowar ƙwallo da angurya take kwanciya ta jira damina. Mutum ɗaya ya bar karansa tsaye, ya ja wa ƙauye duka. Amurka ma sai da manoma suka haɗa kai suka ci galabar ƙwaron audugar da ya shigo Texas a 1892. Shirin kawar da shi a 1978 aka fara, a Virginia da North Carolina. Kada kuma ku ɗauka irin auduga na Bt da Najeriya ta amince da shi a 2018 ya gama komai. Tsutsa yake kashewa, darɓa da farin ƙuda ba ruwansu da shi.

Don Allah, in waya ta sake shigowa, ku ce a ɗauko muku hoton bayan ganye da na ƙwaron, a kai wa malamin gona ko masanan IAR da ke Samaru kafin a sayi komai. In feshin ya zama dole, ku haɗa da kuɗin takalmin roba, safar hannu da abin rufe hanci na yaron da zai goya tankin a bayansa.