Kwana Huɗu a Cikin Tsohon Jirgin Tombouctou

Mutumin Illela ba ɗan ruwa ba ne. Mu 'yan bakin iyaka ne, abin da muka iya shi ne mota da babur, da tsallakawa Ƙonni da safe a dawo kafin la'asar. Ruwan da muka sani bai wuce tafkin Kalmalo ba, shi ma wata shekara ya cika, wata shekara a yi noma a cikinsa. Saboda haka mai karatu ya yi mani uzuri in ya ji ina zuzuta wani tsohon jirgi da mutanen bakin kogi suka ɗauka tamkar motar kasuwa.

A watan Oktoba na 2008 ne na raka kawuna Mopti ta ƙasar Mali, inda yake sarin busasshen kifi. Daga Ƙonni muka bi Dogon Dutsi da Dosso zuwa Yamai, sannan muka kama hanyar Tillaberi da Ayorou har Gao. A nan Kawu ya ce mota ta ƙare, sauran tafiyar ta ruwa ce, domin lokaci ne na cikar kogi. Manyan jiragen kamfanin gwamnatin Mali, COMANAV, ba sa tafiya sai daga wajen watan Agusta zuwa ƙarshen shekara, in ruwa ya ja baya sai a ɗaure su. Uku ne a wancan lokaci masu zirga-zirga tsakanin Koulikoro da Gao, tafiyar kilomita 1,300 da 'yan kai: Général Soumaré, da Kankou Moussa, da wanda rabonmu ya faɗa a kansa, wato Tombouctou.

Da na gan shi a tasha gabana ya faɗi. Ba wani ƙato ba ne irin na talabijin, kamar dai gidan bene ne aka ɗora a kan faranti. Kawu ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka tsoro? Jirgin ga ya girme ka nesa ba kusa ba, ya san hanyatai."

Masu kuɗi da Turawa 'yan yawon buɗe ido suna sama cikin ɗakuna. Mu kuwa tikitin ƙasa muka yanka, inda kowa zai shimfiɗa tabarmarsa tsakanin buhunan gero da allunan gishirin Taoudenni da tumaki. Kuma wallahi da za a maimaita, nan ɗin zan sake zaɓa, don a nan jirgin yake da rai. Kafin magariba ta farko wata dattijuwa Bafulatana ta riga ta kafa murhunta tana tuya, Buzaye sun hura gawayi sun ɗora shayi, wani tela ya buɗe kekensa yana karɓar ɗinki. Ƙarar injin tana shigowa ta tabarma har cikin haƙarƙari. Daren farko ta hana ni barci, dare na uku kuwa da aka kashe injin a wata tasha shirun ne ya tashe ni.

Sallah ma sai da dabara. Kogi yana lanƙwasa, jirgi yana binsa, sai ka tayar da kabbara kana fuskantar gabas, kafin ka sallame gabas ta koma kafaɗarka. Wani malami Bazabarme ya ce mu daidaita alƙibla a farko mu bar wa Allah sauran.

A bakin wannan malamin na ji abin da har yau yake yi mani yawo a kai. Bayan mun wuce Bourem na ji matuƙan kwalekwale suna ta ambaton "Hausa, Hausa", na miƙe ina waige, na ɗauka da mu ake. Ya ce a'a, a harshensu gaɓar hagu ta kogin, wato wadda take wajen arewa da gabas, sunanta Hausa, ta dama kuma Gurma, shi ya sa ake ce wa wani gari da ke gabanmu Gourma-Rharous. Ashe kowane ƙauye da ke wancan gefe a Hausa yake, ko da babu mai jin "ina kwana" a cikinsa. Daga baya na ga cewa Neil Skinner ya yi rubutu a 1968 yana ganin daga nan sunanmu ya samo asali. Masana ba su haɗu a kan haka ba, amma ni dai da nake tsaye a bakin ƙarfen jirgi ina kallon tudun rairayi yana gangarowa har cikin ruwa, sai na ji kamar ba baƙunta na zo ba. Dama a Gao na ga kabarin Askiya, sarkin da Kanta na Kabi ya yi wa tawaye, labarin da muke ji tun muna firamare.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne isowarmu tasha. Ko ƙarfe biyun dare ne, da jirgi ya busa jiniya sai ka ga gari ya tashi da fitilu. Kwalekwale su kewaye mu, mata cikin ruwa har gwiwa suna miƙo gasasshen kifi da nono da burodi, ana sauke siminti ana loda shinkafa, ana cusa wa ma'aikata wasiƙu. A Diré aka shigo da wata mai naƙuda za a kai ta asibiti. A Niafunké, garin Ali Farka Touré wanda ya rasu a 2006, wani ya saka kaset ɗinsa, ƙasan jirgi ya yi tsit. Da damina hanyoyin mota na wannan yanki sukan yanke, wannan tsohon ƙarfe shi ne kasuwarsu da gidan wayarsu da motar asibitinsu. Tafkin Debo kuma, inda na nemi gaɓa ko ta Hausa ko ta Gurma na rasa, ban saki hannun Kawu ba sai da muka fita. Kwananmu huɗu muka sauka Mopti.

Ranar 7 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka buɗe wa Tombouctou wuta da rokoki a yankin Gourma-Rharous, ya kama da wuta. A lokacin an datse hanyoyin shiga birnin Timbuktu, jama'a sun koma bin ruwa don suna ganin ya fi aminci. Gwamnatin Mali ta ce fararen hula 49 da sojoji 15 suka mutu a wannan hari da wani da aka kai sansanin soja na Bamba a ranar, ta kuma yi makokin kwana uku. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce shaidu sun ba ta adadin da ya haura 120.

Labarin ya same ni a Illela, iyaka tana rufe saboda juyin mulkin Nijar, manyan motoci sun yi layi ba shiga ba fita. Na kai wa Kawu hoton a waya, idonsa ya riga ya yi rauni, ya daɗe yana kusanto da ita fuskarsa. Da ya gane jirgin sai ya tambaye ni ko an faɗi a wane hawa wutar ta fara, don ya san na ƙasa ne ya fi cika da mata da yara.